Tukunyar Gas A But Ɗin Motar Gezawa: Tarihin Hanyar Da Mai Ke Bi Ya Isa Inji

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wani ƙarfe da ya fara bayyana a but ɗin motocin hayarmu.

Kwanakin baya na shiga mota daga 'Yankaba zan je gida Gezawa. Wata dattijuwa ta zo da ƙullin kayanta, yaron mota ya buɗe but, sai ga wata doguwar tukunyar ƙarfe a kwance ta cinye rabin wurin. Dattijuwar ta ja da baya ta ce, "Ɗan nan, girki kuke yi a motar?" Direba ya yi dariya ya ce, "Hajiya, abincin motar ke nan. Gas take sha yanzu." Ta ce, "To Allah Ya kai mu lafiya. Ni dai kar a zaunar da ni kusa da ita."

Muna gab da Jogana wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari ya yi ƙara, fitilarsa ta sauya launi. Direba ya yi tsaki. Na tambaye shi lafiya? Ya ce, "Malam, gas ne ya ƙare, ta koma fetur. Arahar akwai ta, amma sai na koma cikin gari na bi layi kafin na sake samu."

Maganar nan tasa ita ta zaunar da ni na yi wannan rubutu. Hanyar da gas ke bi daga tukunya zuwa inji ba ta fi tsawon motar ba, kuma an yi kusan shekara 90 da gano yadda ake tafiyar da ita. Hanyar da yake bi daga rijiyarsa zuwa Gezawa kuwa ta kai kusan kilomita dubu, kuma ita ce har yau muke fama da ita.

GAS NAWA MUKE DA SHI?

Kafin mu yi nisa, sai mun raba gardama kan sunan. A bakin Bahaushe abubuwa da yawa ke amsa sunan gas. Direban tirela idan ya ce zai sha gas, man dizal yake nufi. Uwargida idan ta ce gas ɗinta ya ƙare, na girki take nufi, wanda idan ka girgiza tukunyarsa za ka ji yana motsi kamar ruwa. Na uku shi ne wanda ke but ɗin direbanmu, wanda ake kira CNG. Iska ce da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, mafi yawanta sinadarin metan ne, kuma duk yadda aka matsa ta a zafin duniyar nan ba ta zama ruwa. Sai dai a danna ta da ƙarfi a cikin tukunya. Na huɗu shi ne wannan iskar dai, amma an sanyaya ta har digiri 162 ƙasa da sifili ta narke ta zama ruwa, girmanta ya ragu kusan sau 600. Shi ake kira LNG, shi ne jiragen ruwa ke ɗiba daga tsibirin Bonny tun 1999.

Bambancin nan ya wuce na suna. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa yana jiran ashana. CNG ya fi iska sauƙi, sama yake tashi ya watse idan ya sami fili. Sai dai ƙarfin matsin da ke cikin tukunyarsa ya ninka na tukunyar girki fiye da sau goma. Rashin sanin wannan ya riga ya jikkata mutane a ƙasar nan, za mu zo wurin.

DAGA JAKI ZUWA TANKA

Yankinmu na Gezawa da Minjibir da Ungogo tun fil azal ƙasa ce mai cike da mutane, gona na jingine da gona. Masanin nan ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi bincike a karkarar da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda birni da ƙauye ke ciyar da juna. Jaki ya shiga birni da itace da kara, ya fito da mangalar taki. A wancan zamani makamashi daga ƙauye yake tafiya birni. Abincin abin hawan kuma, wato harawa da dusa da ciyawa, a bayan gida yake tsirowa.

Jirgin ƙasa ne ya juya akalar. Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya nufi Nguru kuma ya kammala a 1930, ya ratsa ta Jogana. Kan jirgin wancan lokaci kwal yake ci, wanda aka gano a yankin Udi kusa da Inugu a 1909. Wannan ne karon farko da abin hawa ya ratsa gonakinmu yana cin abincin da aka yi masa dako daga ɗaruruwan kilomitoci. Da motocin ɗaukar gyaɗa suka yawaita, fetur da kananzir ma a jirgin suke zuwa daga bakin teku, cikin gwangwanaye da durom-durom.

An sami ɗanyen mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. A 1975 gwamnati ta kafa asusun daidaita farashin mai, wanda ya riƙa biyan kuɗin dako domin lita ta zama kuɗi ɗaya a Legas da Kano. A 1980 aka buɗe matatar Kaduna, aka ja bututun tataccen mai zuwa defo ɗin Hotoro. Tsarin yana da kyau a takarda: ɗanyen mai ya hau bututu daga kudu zuwa Kaduna, a tace, ya gangaro Hotoro, tanka ta ɗauka ta kai Gezawa cikin awa guda. Da matatar ta riƙa tsayawa, bututu kuma ya sha fasawa, sai aikin ya koma kan tankoki masu kwana da kwanaki a hanya daga Legas da Warri. Nan aka haifi dogon layin gidan mai da 'yan bumburutu masu galan a bakin titi.

Cikin wannan hali garin Kano ya koma kan ƙafa uku. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da babura masu ƙafa uku ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, har sunan shirin ya bi su. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, sai suka zama ƙafar talaka. A lokacin kowannensu fetur yake sha, kowace lita kuma daga nesa take.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Masu janareto da masu noman rani suka fara maƙala wa injinansu tukunyar girki. A watan Agustan 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci kan CNG. Ta haka tukunyar nan ta iso but ɗin direbanmu.

INJI DA GAS YA FARA

Da yawa suna ɗaukar motar gas a matsayin sabuwar fasaha. Tarihi ya nuna gas ya riga fetur shiga inji. Injin da Etienne Lenoir ya fitar a Faris a 1860 da gas ɗin kwal yake aiki, irin wanda ake kunna fitilun titi da shi a lokacin. Haka ma injin Nikolaus Otto na 1876 a Jamus, wanda shi ne kakan injin da ke cikin motarka yau. Matsalarsu ɗaya ce: a ɗaure suke da bututun gari, kamar akuya a turke. Suna juya injinan masana'anta, amma ba sa zuwa ko'ina.

Fetur ya yi nasara ne saboda sauƙin ɗauka. Ƙarfin da ke cikin lita ɗaya ta fetur ya yi daidai da na kusan lita dubu ta gas idan ba a matsa shi ba. A 1888 Bertha, matar Karl Benz, ta tuƙa motar mijinta tafiyar kusan kilomita 100 daga Mannheim zuwa Pforzheim, da mai ya ƙare mata a hanya sai ta tsaya a wani kantin magani a garin Wiesloch ta saya a kwalba. Abin da za a iya sayarwa a kwalba zai isa kowane ƙauye. Gas ba ya shiga kwalba.

Tun daga nan, duk lokacin da mutane suka waiwayi gas, wuya ce ta kora su. A yaƙin duniya na farko, da fetur ya yi ƙaranci a Ingila, an ga motocin bas ɗauke da ƙatuwar jakar gas a rufinsu kamar an ɗora musu rumbu. Ba a matsa gas ɗin ba, don haka tafiya kaɗan jakar ta lanƙwashe. A shekarun 1930 Italiya, wadda ba ta da isasshen mai amma tana da gas a kwarin kogin Po, ta fara danna shi cikin tukwanen ƙarfe tana ɗaura wa motoci. Tsarin da suka shimfiɗa, wato tukunya da bututu da na'urar rage matsi, shi ne har gobe ake bi. Shi ya sa da yawa daga cikin kayan juyen da ke kasuwa sunayen kamfanonin Italiya ne a jikinsu.

TAFIYAR GAS A CIKIN MOTA

Yanzu mu bi gas ɗin ƙafa da ƙafa.

Zango na farko shi ne bakin ɗura. Yana da bawul mai barin gas ya shiga, ya hana shi fitowa. A gidan gas ana danna shi har matsin ya kai kusan 200 a ma'aunin da ake kira bar. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 2 da rabi. Ke nan abin da ke cikin tukunyar ya ninka iskar taya sau 80 zuwa 100. Gas yana ɗaukar zafi idan ana danna shi da sauri, idan ya huce sai matsin ya ɗan sauka. Shi ya sa direba zai ga allurar geji ta ja baya bayan ya bar gidan gas, ya zaci an cuce shi, alhali ɗabi'ar iska ce.

Zango na biyu tukunya. Ta gaskiya daga dunƙulen ƙarfe ɗaya ake ƙera ta, babu ɗinkin walda ko ɗaya a jikinta, kuma sai an gwada ta da matsin bar 300 kafin ta bar masana'anta. Mai cin lita 60 nauyinta ya kai na babban mutum, amma gas ɗin da take ɗauka bai fi daidai da lita 14 ko 15 ta fetur ba. Wannan ne dalilin da ya sa ya ƙare mana a Jogana. A wuyanta akwai bawul mai aiki uku: ana iya rufe shi da hannu, yana datse gas da kansa idan bututu ya tsinke, sannan yana da wani toshi da ke narkewa idan wuta ta kama motar, domin gas ya fice kafin tukunyar ta fashe.

Zango na uku siririn bututun ƙarfe ne, kaurinsa bai kai na biro ba, ya bi ta ƙarƙashin mota zuwa gaba. A ƙarshensa akwai bawul mai aiki da lantarki. Da zarar an kashe mota ko inji ya mutu, sai ya rufe.

Zango na huɗu shi ne zuciyar aikin, wato na'urar rage matsi, wadda makanikai ke kira regileta. Inji ba zai iya karɓar bar 200 ba. Ka ɗauke ta kamar ƙofofin madatsar Tiga: ruwa mai iya share gari ne a baya, amma abin da ke isa kwamin mai tumatir ɗan siriri ne. Regileta tana saukar da matsin hawa-hawa har ya dawo bar 1 ko 2 a yawancin motocin da aka juya. Kuma dole abin da take fitarwa ya tsaya daidai, ko tukunya na cike ko ta kusa ƙarewa.

Akwai wani abin lura a nan. Idan ka taɓa sace iskar taya ka ji sanyi a yatsanka, ka san iska tana yin sanyi idan ta fito daga matsi. Daga bar 200 zuwa 2 sanyin yana iya daskarar da ɗan danshin da ke cikin gas ya toshe hanya. Saboda haka ake jawo tiyo biyu daga ruwan lagireto ya zagaya cikin regileta yana ɗumama ta. Wannan ne ya sa motar ke tashi da fetur da safe, sai ruwan inji ya yi ɗumi sannan ta juya kan gas da kanta. Direban da ya bar tankin fetur ɗinsa ƙaf yana jawo wa famfon mai lalacewa, kuma wata safiyar hunturu motar za ta ba shi wahala.

Zango na biyar, bayan gas ya ratsa matata, shi ne haɗuwa da iska. Hanya biyu ce. A tsofaffin motoci masu kafireta, ana sa wani zobe mai ƙananan huji a maƙogwaron da iska ke shiga. Iskar da inji ke zuƙa ita ke jawo gas, gwargwadon yadda aka taka totur. Yana da araha, amma awonsa na kirdado ne, kuma wani lokaci wuta kan dawo baya ta yi ƙara kamar bindiga. A motocin zamani kuwa kowane fistin yana da nozul ɗinsa na gas. Ana ƙara wata ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke sauraron umarnin da ƙwaƙwalwar motar ke aika wa nozul ɗin fetur, ta karɓe shi, ta lissafa daidai shi a gas, ta buɗe nozul na ɗan wani yanki na daƙiƙa. Motar ba ta ma san an sauya mata abinci ba.

A cikin inji gas yana da halinsa. Fetur na buƙatar iska kusan ninki 15 na nauyinsa, gas kuwa kusan 17. Da yake shi kansa iska ne, yana cinye wurin da iska za ta shiga, don haka ƙarfin motar kan ragu da kusan kashi 10 cikin 100. Direba zai ji haka idan ya yi lodi ko zai wuce tirela. Yana kuma ci a hankali fiye da fetur, shi ya sa ake gaggauta lokacin tartsatsin filogi. Ba ya barin baƙin hayaƙi, man inji ma yakan daɗe bai yi baƙi ba. Amma busasshe ne, ba ya jiƙa bawul ɗin inji kamar fetur, saboda haka sai an riƙa duba su a kan kari. Idan tukunya ta kusa ƙarewa, ƙwaƙwalwar ta ga matsi ya faɗi, sai ta mayar da motar kan fetur ta yi ƙara. Ƙarar da muka ji ke nan.

ARAHA BA TA ADO

Hajiyar da ta ƙi zama kusa da tukunya tana da hujja, sai dai ba kowace tukunya ce abar tsoro ba. Metan ba ya kamawa da wuta sai ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin, kuma yana buƙatar zafi fiye da fetur kafin ya tashi. Tukunya ta gaskiya ta fi tankin fetur ƙwari nesa ba kusa ba. Haɗarin yana wurin ta bogi.

A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse ana cikin ɗura mata gas a birnin Benin, mutane suka jikkata. Hukumomi sun ce tukunyar haɗin walda ce, ba wadda aka amince da ita ba. Tukunyar girki ana gwada ta ne a kusan bar 30. Wanda ya kai irinta inda ake danna 200, ko ya sa mai walda ya haɗa masa wata, bam ya ɗauko. Kuɗin juyen mota yana da yawa, talaka kuma a matse yake, nan ne mai haɗin bogi ke samun kasuwa. Kowace tukunya ta gaskiya an buga mata lamba a kafaɗa: ranar ƙira, matsin aiki, matsin gwaji, da shekarar da wa'adinta zai ƙare. Ana kuma sake gwada ta duk bayan 'yan shekaru. Fasinja yana da haƙƙin ya leƙa ya gani.

DOGUWAR HANYA

Mu dawo kan ƙorafin direba. Nijeriya tana da gas a ƙarƙashin ƙasa da ya haura ƙafa tiriliyan 200, babu ƙasar da ta kai ta a Afirka. Tun zamanin Oloibiri gas ɗin da ke fitowa tare da ɗanyen mai ƙone shi ake yi a sararin sama, saboda babu hanyar kai shi kasuwa. Dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin shekarar daina ƙonawa, amma har yau wutar na ci a yankin Neja Delta. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Inda bututu ya isa, motar gas ta daɗe da zama gari. A Benin, wadda ke kusa da babban bututun da ya tashi daga Escravos zuwa Legas, 'yan tasi sun fara shan CNG tun wajajen 2010. Gidan gas da ke kan bututu aikinsa kawai ya zuƙo ya matsa ya sayar. Wanda ba ya kan bututu kuwa sai an yi masa dako. Ko dai tirela ta kawo jerin manyan tukwane da aka cika a wata uwar tasha, ko tanka mai sanyi ta kawo LNG a mayar da shi iska a nan. Ka tuna CNG ko an matsa shi yana cin wuri kusan ninki huɗu na fetur, ga nauyin ƙarfen tukwanen. Tirelar tana dakon ƙarfe ne fiye da gas. Duk kilomitar da ta ƙara, arahar na raguwa. Idan kuma ta makara a hanya, layi ya miƙe.

Maganin da aka tsara wa Arewa shi ne bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa ranar 30 ga Yuni, 2020. An sha sanya ranar kammalawa ana ɗagawa. Ko ranar da gas ya iso bakin Kano ma, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sai an ja ƙananan rassa zuwa Sharaɗa da Bompai da Challawa, sai an gina gidajen gas a titin Haɗeja da sauran hanyoyin fita gari, sai an sami wutar da za ta juya injinan matsawa, sai an horar da makanikan da suka san regileta kamar yadda suka san kafireta.

Wasu ƙasashen sun riga mu bin wannan hanya, kuma gani ga wane ya ishi wane. A New Zealand gwamnati ta ba da rance a farkon shekarun 1980, motoci sama da 100,000 suka koma gas. Da ta janye hannu, farashin fetur kuma ya faɗi, sai gidajen gas suka riƙa rufewa, mutane suka ciccire tukwanensu. Pakistan ta juya motoci kusan miliyan uku, fiye da abin da rijiyoyinta za su iya ciyarwa tare da gidaje da masana'antu, har ta kai ana rufe gidajen gas wasu ranaku a mako. A Delhi ta Indiya kuwa kotun ƙoli ce ta ba da umarni a 1998 saboda hayaƙi. An sha dogayen layuka a farko, amma aka yi ta ƙara gidajen gas, zuwa ƙarshen 2002 motocin bas na birnin suka koma CNG, masu ƙafa uku irin namu ma haka. Fasahar cikin motar iri ɗaya ce a ƙasashen uku. Abin da ya raba su shi ne ko gas ɗin zai ci gaba da zuwa, a kusa, a farashin da mutum zai iya yin lissafi a kansa.

Lissafin direbanmu ke nan. A 2024 ana sayar da ma'aunin gas da ya yi daidai da kusan lita guda a wajen naira 230, lokacin da fetur ke neman 1,000. Ratar tana da yawa. Amma sai ka cire kuɗin juye, ka cire kuɗin kayan da but ba zai ƙara ɗauka ba, ka cire sawun da ya rasa yana layi, ka cire fetur ɗin da ya ƙona yana neman gas. Abin da ya rage shi ne ribarsa, kuma nisan gidan gas daga tasharsa ne ke yanke yawanta. Mai yawo a cikin birni zai iya ci. Mai jigilar Gezawa da Gabasawa da Ringim yana kan gaɓa. Manomin da ke ban ruwa a bakin Jakara kuwa, wanda ba zai iya ɗaukar tukunya mai nauyin mutum zuwa birni duk kwana biyu ba, shi har yanzu labari yake ji.

Da muka sauka a Gezawa, Hajiya ta karɓi ƙullinta ta sake kallon tukunyar ta ce, "Ashe dai ba ta tashi da mu ba." Direba ya ce, "Hajiya, ai wannan mai lamba ce." Ya juya motar ya fara kiran fasinjan Kano, da fetur zai koma.

'Yan uwa, akwai direbobi da 'yan A Daidaita Sahu da makanikai a wannan zaure. Wanda ya juya abin hawansa ya faɗa mana a ƙasa: awa nawa kake yi a layi, kuma kilomita nawa tukunya ɗaya ke kai ka? Wanda kuma ya ga gyara a bayanin, ƙofa a buɗe take. Sai mun haɗu a makalar mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.